Shaidar Ƙarya a Yatsan Auta

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. A shekarun da zan ba ku labari, in kun shigo Gafasa kuka tambayi gidan mai ƙunshi, ko ɗan yaye zai nuna muku ƙofarmu. Ni ce. Daga Balan aka kawo ni aure, na zo da hannuna da bakina, kuma duka biyun ba su san hutu ba. Da hannun nake zana wa amare da masu jego fulawa, jan lalle da baƙi, in na duƙufa a kan ƙafar amarya sai an zo an tashe ni cin abinci. Bakin kuwa na siyasa ne. Ni ce shugabar matan jam'iyyarmu a ɓangarenmu, ni ke raba anko, ni ke tara mata ranar taro, ni ke ɗaga waƙa a bayan a-kori-kura har muryata ta dishe. Ban kai shekara talatin ba, ina da jiki, ina da tsiwa, kowa ya san ni ba kanwar lasa ba ce. Maigidana manomin gyaɗa ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, in na fara zuba sai ya saɓi fartanyarsa ya ce shi ya tafi inda ba a gardama. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. Waɗanda suka san labarin za su gane ni, sauran kuma darasin ya ishe su.

Siyasar ma gadonta na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin tsofaffin 'yan gwagwarmayar nan da suka sha ɗauri tun zamanin da talaka bai isa ya ɗaga ido ya dubi hakimi ba. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa da la'asar sakaliya a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, rediyo a cinya, hula a gwiwa, rana na ratsowa ta cikin ganye tana sauka a furfurarsa, mu kuma muna zube a tabarma muna ɓarar gyaɗa. Yakan ce mana duniya gida biyu ce, masu hawa da waɗanda ake hawa, kuma duk abin da ya fito daga hannun masu mulki ya biyo talaka har ɗakinsa kyauta, to a tsaya a dube shi da kyau, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Na haddace maganar nan kamar karatun allo. Na girma ina jin mu ne masu gaskiya, tamu ce jam'iyyar talakawa, sauran duk 'yan koren masu hali ne, ko da kuwa talaucinsu ya ninka namu.

Ina da aminiya a lokacin, wadda ba na jin zan ƙara yin irinta. Tare muka tashi a Balan, tare muka yi tallan ƙuli, tare muka gama firamare, aka kuma kawo mu aure gari ɗaya, in na ɗaga murya daga tsakar gidana tana ji a nata. Ni na yi mata ƙunshin aurenta. Ita ta riƙe ni a naƙudar 'yata ta ƙarshe, shi ya sa na roƙi maigida ranar suna aka sa wa jaririyar sunanta. A shekarun kafin nan jam'iyyarmu ce ke riƙe da kujerar kansila, kuma da yake bakina na shiga kowane gida, ni nake raka ma'aikatan rigakafin shan inna. Ni ke yin sallama, ni ke lallashin matan da suka ɓoye 'ya'ya a bayan rumbu, ni ke riƙe haɓar yaro a ɗiga masa. 'Ya'yana manya babu wanda bai sha ba. Ku riƙe wannan da kyau, domin ni da kaina na manta da shi daga baya.

Ko arba'in ɗin haihuwar 'yar nan ban yi ba aka shiga zaɓe. Mijin aminiyata ɗan ɗaya ɓangaren ne, ita ma sai na gan ta ranar taronsu sanye da ankonsu, hoton ɗan takararsu shimfiɗe a bayanta. Na ji abin har cikin raina, amma na ce ai wasa ne, bayan zaɓe ma haɗu mu yi dariya. Sai muka faɗi. Muka ce maguɗi ne, ko maguɗin ne ko rashin ƙuri'a, yau ba zan rantse ba. Da zagayen rigakafi ya zo, aka ce na huta, aka ɗauki aminiyata a gurbina. Allah sarki, baiwar Allah, da ƙafarta ta zo ta gaya mini tun kafin in ji a bakin duniya, da ƙwaryar fura a hannu, tana cewa ita ba ta nema ba, kuma in na ce ta bari za ta bari. Na bar ta a tsaye a tsakar gida. Na ce mata ta je ta ci rabonta, ai dama kowa ya san wanda ya sayar da ƙuri'arsa sai an biya shi. Ta ajiye furar a kan turmi ta fita. Daga ranar na daina kiran 'yata da sunanta na yanka, na koma ce mata Auta, na kuma hana kowa a gidan ya kira wancan sunan.

To daga nan ne abin mamaki ya faru da idona. Kular rigakafin nan dai da na saba ɗauka a kafaɗata, da 'yan kwalaben nan da na saba gani a cikin ƙanƙara, sai suka koma mini guba dare ɗaya. Matan jam'iyyarmu suna taruwa a gidana, wata ta miƙo ƙafa ina zana mata, hira na gudana. Wata ta ce maganin hana haihuwa ne. Wata ta ce in suna ƙaunarmu me ya sa in zazzaɓi ya kama yaro sai ka saya masa magani da kuɗinka, amma wannan ake bin ka da shi har ƙuryar ɗaki? Wata ta ce rijiyar burtsatsenmu ta lalace an yi wata da watanni babu wanda ya leƙo. Wasu tambayoyin suna da ƙanshin gaskiya, ba zan ce babu ba. Amma ni na san abin da ke cikin kular, na ga 'ya'yan da suka sha suna gudu a ƙofar gida. Fushi ne kawai ke cina, sai na ɗauko maganar mahaifina na yafa masa, na ce da su banza ba ta kai zomo kasuwa, ba za mu buɗe bakin 'ya'yanmu ga gwamnatin da ta sace mana akwati ba. Suka yi ta guɗa, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Da farko ƙin yarda muke yi a fili, in an yi sallama mu ce ba ma so. Sai dai wannan na da wahala, domin ma'aikatan na rubuta wata alama da alli a jikin bangon gidan da ya ƙi, kafin azahar mai unguwa ya zo ya zauna a zaure, wani lokacin har da dagaci, a yi ta ba maigida baki har kunya ta sa ya ce a fito da yaran. Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda sai wanda ya yi aikin zai sani. Duk yaron da aka ɗiga wa, ana shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu. Kuma ba a gida kaɗai ake ɗigawa ba, akwai masu tare yara a kasuwa da tasha da gidan suna. Don haka in ma'aikata suka shigo gida suka ga yaro da shaida a yatsa, sai su ɗauka an yi masa a wani wuri, su rubuta a bango cewa gidan ya kammala, su wuce. Na sayo shuɗin maganin nan na kemis da ake shafa wa gyambo, na haɗa shi da baƙin dayis ɗina, na yi ta gwadawa a farcena har kalar ta fito sak. Ranar da za a fara zagaye, da an idar da sallar asuba, mata su shigo da 'ya'yansu a goye, in bi su da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Ba na karɓar ko sisi, a ganina aikin jam'iyya nake yi. Ta ƙarshe da nake yi wa kullum ita ce Auta.

Bari in gaya muku wace ce Auta a lokacin, don ku san abin da na yi caca da shi. Yarinya ce da ba ta yi rarrafe sosai ba, miƙewa kawai ta yi ta kama gudu. Babanta ya sayo mata wani ɗan takalmi a kasuwar Ajingi, irin mai kukan nan in an taka, ƙyat-ƙyat kamar 'yan tsaki. Ba ta yarda a cire mata shi ko za ta yi barci. Duk inda take a gidan ina sani ba sai na ɗaga kai ba, in kukan ya yi wajen randa in ce kul, in ya yi wajen murhu in jefar da tsinke in bi ta. Daminar shekarar ta yi kyau, gyaɗa ta yi fure rawaya har bakin danga. Ina tuna wata yamma bayan an ɗauke ruwa, ƙasa na ƙanshi, sararin sama ya wanke tas, na kai wa babanta abinci gona da ita. Ta sauka daga bayana ta shiga tsakanin kunya tana bin malam-buɗe-littafi, rigarta ja, kanta ko kitso babu, takalmin na kuka a cikin laka. Muka tsaya ni da shi muna kallonta. Wani lokacin sai in rasa ko yammar nan ta faru da gaske ko mafarkinta na yi ta yi har ya zauna mini, amma dai ita ce abin da na fi gani in na kwanta.

Tun ranar furar nan aminiyata ba ta ƙara shiga gidana ba, in zagaye ya kawo su sai ta tsaya a ƙofa da allinta, abokiyar aikinta ta shigo ta duba yatsu ta fita. Wata ranar zagaye, ban san me ya shigo da ita ba. Ina tankaɗe na ji sallamarta. Auta ta nufe ta da gudu, ƙyat-ƙyat, ta riƙe mata zane. Ta durƙusa ta kama hannun yarinyar ta juya shi, ta daɗe tana kallon yatsan. Kun san mene ne ya tona ni? Kyau. Ma'aikacin rigakafi a gurguje yake goga tawadarsa, rabi a farce rabi a fata, duk a cakuɗe. Ni kuwa hannuna bai iya mummunan abu ba, na bi gefen farcen na zagaye shi tsaf kamar na amarya. Ta tura abokiyar aikinta gidan gaba, ta ja ni bayan rumbu, ta ce mini ta san wannan hannun, shi ya yi mata ƙunshin aure, ko a duhu ta gan shi za ta gane. Ta ce ba za ta kai ni gaban kowa ba. Ta ce in ci gaba da gaba da ita har abada in ina so, in zage ta a waƙa, amma don girman Allah in bar ta ta ɗiga wa takwararta, ba wanda zai sani daga ni sai ita. Har hawaye ta yi. Ni kuwa, tir da ni, daɗi ma na ji da na ga tana roƙona. Na ce mata ranar da suka dawo mana da kujerarmu, ranar zan buɗe bakin 'yata. Ta share ido da gefen mayafi, ta fita ta rubuta a bangona cewa gidan ya kammala.

Maigida ya jiyo ƙarshen maganar daga zaure. Da yamma ya ce mini shi bai san siyasa ba, amma ya san ba a fushi da maƙwabci a ƙi kashe wutar da ta kama danga. Na ce masa ya tsaya a kan gyaɗarsa. Ba a fi 'yan makonni ba zazzaɓi ya rufe Auta. Na ɗauka na damina ne, na ba ta abin da aka saba, jikin ya yi sanyi, har na yi hamdala. Da safe na sa mata takalminta na tsayar da ita, sai ta sulale ta zauna. Na yi mata tsawa na ce ta daina shagwaɓa, na sake tsayar da ita, ta sake zubewa. Na kama ƙafar hagun na ɗaga, na saki, ta faɗi yaraf kamar tsumma. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da na yi shekaru ina gaya wa mata yadda ciwon nan ke farawa, ba sai an gaya mini ba. Amma tsoro ya sa na yi ta yawo da ita wajen masu magani, a shafa wannan a turara wancan, sai da babanta ya ɗauke ta da kansa ya ce asibiti za mu, muka hau mota zuwa Gaya.

A can ne na yi abin da ya fi na farko muni. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambaye ni ko ana yi mata rigakafi. Ɗakin da mutane, har da wata 'yar garinmu. Na dubi yatsan Auta, sauran shaidar na nan a bakin farce ba ta gama fita ba. Na ɗaga yatsan na nuna, na ce ga shi kuwa, duk zagaye sai an ɗiga mata. Maigida ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Kafin mu dawo gida labari ya riga mu, wai 'yar mai ƙunshi an ɗiga mata rigakafi ƙafa ta shanye. Matan da na yi wa 'ya'yansu shaida sun san gaskiya ko sun yi zarginta, amma faɗa na nufin tona kansu, sai kowa ta ja bakinta. Mazan jam'iyyarmu kuwa suka samu abin faɗa a majalisa. Kuma wa ake nunawa da yatsa? Aminiyata. Aka ce ita ta shiga gidan ranar, ita ta nakasa takwararta saboda gabar siyasa. Yara suka yi mata waƙa. Aka daina gayyatarta biki. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ta tsoma ni, amma ba ta faɗa ba. Ta ajiye aikin, bayan kaka mijinta ya kwashe su suka koma cikin garin Ajingi. Ni kuma ina zaune ina karɓar jaje.

Shekaru suka yi ta wucewa kamar ba a kaina ba. Auta ta koyi jan jiki, ta koyi tsayuwa da bango, daga baya kafinta ya yi mata 'yar sanda. Ta dage sai an sa mata takalmin nan, to ƙafa ɗaya ce ke takawa, sai ka ji ƙyat, shiru, ƙyat, shiru. Ranar da na kasa jurewa na ɗauke shi na jefa cikin rumbu na ce ɓera ya ci. Amma a mafarki duka biyun ke kuka. Nakan gan ta a gonar gyaɗar nan da jar rigarta, tana gudu tana waiwayena, ina kiranta da sunanta na gaskiya, in na kusa kama ta sai in farka in ji kiran assalatu. Ba a yi zaɓe biyu ba sai ga fasta a jikin bangon kasuwa, jagoranmu da nasu rungume da juna suna dariya, wai an sasanta, an koma inuwa ɗaya. Na tsaya gaban fastar nan da kwandon cefane a kaina har wani mai kura ya ce Hajiya a ba mu hanya. Daga ranar ban ƙara ɗaga waƙar kowa ba. Maigida bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Allah, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Auta ta tashi da labarin da gari ya ba ta, cewa rigakafi ne ya cinye mata ƙafa, kuma matar da take ɗauke da sunanta ce ta ɗiga mata. Ko a makaranta in an kira sunan sai ta ɓata rai. Sau nawa na buɗe baki zan gaya mata, sai in ce bari ta ƙara girma.

Ta girma kuwa, kyakkyawa, mai tsiwa irin tawa, ta kuma fi ni iya zane. Wani tela ɗan Balan ya gan ta ya ce shi ita yake so da sandarta, aka yi biki. Bara ta dawo gida wankan haihuwar fari, ta samu ɗa namiji. Muna cikin jegon nan, wata safiya na gama yi mata wanka da ganyen darbejiya, tana zaune a bakin gado tana shan kunun kanwa, ɗakin duk tururi, rana na shigowa ta tagar sama, sai muka ji mai shela yana cewa yau masu rigakafi za su zaga. Ta ajiye kofin. Ta ce mini, a hankali kamar mai faɗin abin alheri, wata tsohuwa ta taɓa gaya mata cewa a da na iya haɗa wata tawada da ke sa ma'aikatan su wuce gida. Ta ce in taimake ta in yi wa ɗanta, ita ba za ta bari abin da ya same ta ya same shi ba. Ta zaro hannunsa daga cikin zanen goyo ta ɗora mini a tafina. Ɗan yatsan nan bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ga bayan rumbu, na ga jar riga, kunnena na jin ƙyat-ƙyat. Ƙaryar da na binne shekara ashirin ce ta tsiro, ta zo neman ƙafar jikana.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa a gaban 'yar da na haifa, na gaya mata komai, tun daga furar da aka ajiye a kan turmi har yatsan da na ɗaga a asibiti. Na ce mata ko ɗigo ɗaya bai taɓa shiga bakinta ba, ba rigakafi ne ya cinye ƙafarta ba, rashinsa ne, kuma ni na hana. Na ce matar da take ƙi ta yi kuka a bayan rumbun nan tana roƙona saboda ita. Na zaci za ta yi ihu, ko ta jefe ni da kofin. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon siririyar ƙafarta, sannan ta tambaye ni abu ɗaya, wai kujerar da na ce sai an dawo mana da ita, an dawo da ita ɗin? Ta zare hannun ɗanta daga nawa, ta goya shi, ta jawo sandarta. Na ce mai jego ba ta fita, ta bari za su shigo. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandar har ta fice zaure. Da ta dawo ta kwantar da shi, na leƙa yatsansa, an goga masa tawadar a karkace, rabi a farce rabi a fata. Na zauna a ƙasa ina kallonta ina kuka.

Bayan kwana biyu na hau mota zuwa Ajingi, na yi tambaya har aka nuna mini gidan aminiyata. Na same ta tana tuyar ƙuli, ta tsufa, ni ma haka. Na faɗi a gabanta. Ta ce in tashi kada mai ya fallatso mini. Ta ce ta yafe mini tun tuni, abin da ta kasa yafewa shi ne nata, da ta ɗauki alli ta rubuta a bangona cewa gidan ya kammala alhali ta san ƙarya ne, don kawai kada ta kunyata ƙawarta. Ta ce da ta tona ni ranar, da mun rabu har abada amma yarinyar na tafiya da ƙafa biyu. Muka yi kuka tare har ƙulin ya ƙone. Auta ta je wajenta daga baya da jaririn, kuma yanzu da sunanta na yanka take amsawa, ta ce kada a ƙara ce mata Auta. Tana gaishe ni, tana aiko mini da cefane, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma da salla ta zo na haɗa lalle na ce ta kawo hannu, sai ta ce in bar shi, ta riga ta yi.

Abin da na koya, a makare, shi ne mahaifina cewa ya yi a tsaya a duba, bai ce a rufe ido a ƙi ba. Ni na duba, na sani, na ƙi, don kawai kular ta koma kafaɗar wata. Sauran yaran da na yi wa shaida Allah ya tsare su, ba dabarata ba, kuma har yau in na ga ɗayansu yana tafiya sai na yi godiya a zuci. Iyaye mata 'yan'uwana, da ku maza masu zaman majalisa, ku yi siyasarku, ku nemi haƙƙinku na ruwa da magani da hanya, ku ɗaga murya har a ji ku, wannan ba laifi ba ne. In kuna da shakka a kan rigakafi ku je ku tambayi masu sani, ku tambaya har ku gamsu. Amma kada ku sa jikin yaro a cikin faɗan da bai san farkonsa ba. Ciwon nan ba ya tambayar wa ka zaɓa kafin ya shiga gida. Waɗanda na yi dominsu sun shirya, suna cin abinci a faranti ɗaya, ko sunana ba su sani ba. 'Yata kuwa har gobe da sanda take zuwa ɗebo ruwa. Ku sa ni a addu'a, ko Allah zai sa wata rana ta miƙo mini hannun nan.